Yaya zan sa Gradle ya zaɓi adireshin saba da kansa, in daina sauyawa da hannu?

Ɗan Zangon Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan wata matsala da ta hana ni sukuni tun ranar Juma'a. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, so nake ku ga yadda abin ya faru daga tushe.

A Agege nake zaune. Akwai wata 'yar manhajar Android da na rubuta wa kawuna da abokan sana'arsa, dillalan kayan gwari a kasuwar Mile 12. Aikinta ba wani mai yawa ba ne. Idan mota za ta taso daga Arewa da kwandunan tumatir ko buhunan albasa, wakilin da ke can sai ya shigar da adadin kaya, da sunan mai kowane kaso, da abin da aka ba direba, da saura nawa za a cika masa in ya iso. In motar ta shigo Legas ana saukewa, yaron dillali ya buɗe wayarsa ya ga komai. Da can littafi ne da kiran waya, kuma duk wanda ya san kasuwar nan da asuba ya san ba wurin jin magana a waya ba ne.

Saba biyu gare ni, wato kwamfutocin intanet da manhajar ke ajiye lissafi a kansu, ta gwaji da ta gaske. A cikin fayil ɗin build.gradle.kts na Gradle, wato kayan aikin da ke haɗa manhajar, akwai layi guda na `buildConfigField` da ke riƙe da adireshin. Kullum na gwajin ne a ciki. In zan fitar da sabuwar siga sai in goge shi in rubuta na gaske, in haɗa manhajar, in tura, sannan in mayar da na gwaji. Sama da shekara ɗaya ina yin haka ban taɓa kuskure ba.

Daren Alhamis na gyara wani lissafi na kuɗin sauke kaya. Aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata ya kusa ƙarewa, sai na yi sauri na haɗa na jefa APK ɗin, wato fayil ɗin manhajar da ake ɗorawa a waya, a zaurenmu na WhatsApp. Ban sauya layin ba. Wakilan da ke Kano da Aliero suka ɗora sabuwar a daren, yaran da ke Mile 12 kuwa akasarinsu ba su ɗora ba. To kun ga abin da ya biyo baya: na Arewa suna zuba lissafi a sabar gwaji, na Legas suna dubawa a ta gaske ba sa ganin komai. Wata mota ta iso, direba na cewa saura kaza za a ba shi, yaro na cewa shi bai ga motar ba ma a waya balle saura. Tumatir kuma ba ya jiran a gama gardama.

Kawu ya kira ni bayan sallar Juma'a. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, dukiyar mutane ce a cikin wayar nan, kuma da sunansa suka yarda da ita. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar Asabar gaba ɗaya a kwashe lissafi daga wannan saba zuwa waccan na ƙarar da ita, ɗaya bayan ɗaya, ina kiran wakilai ina tabbatarwa.

Na ƙudurta ba zan ƙara sa hannu a layin nan ba. Ga abin da na gwada. Na ajiye `var adireshi` a saman fayil da adireshin gwaji, sannan a cikin `afterEvaluate` na kamo aikin haɗa sigar kasuwa, wato `assembleRelease`, na sa masa `doFirst` da zai mayar da adireshin na gaske. Na sa `println` don in gani da idona, kuma ya buga adireshin gaske ɓaro-ɓaro. Amma da na ɗora APK ɗin a waya, sabar gwaji yake kira. Nan kaina ya ɗaure. Ƙimar ta sauya, na gani, to me ya hana ta shiga manhajar?

Daga baya na ga wasu na duba `gradle.startParameter.taskNames`, in akwai kalmar Release a ciki sai su zaɓi na gaske. Na gwada ya yi aiki, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tunda na riga na zo, bari in sauke sauran kayan. `versionCode` ma, wato lambar sigar manhajar, da hannu nake ƙara shi, kuma na sha mantawa. Kalmar sirrin mabuɗin sa hannu tana rubuce a cikin build.gradle.kts, kuma fayil ɗin yana GitHub inda nake ajiye kod ɗin a intanet, duk da ma'ajiyar a rufe take. Sannan dillalan shanu na Abbatuwa a Oko-Oba sun ga manhajar a hannun wani, suna son tasu da sabarsu daban, ga kuma maganar a sa biyan kuɗi ta Paystack. In da saba biyu na yi wannan ɓarna, ina tsoron ranar da za su zama huɗu.

Injiniya na Ikeja ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kiyaye gaba, ya saka wa kawunka da alheri.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ƙashin bayan Gradle, in ka gane shi yau ka huta. Gradle ba ya bin fayil ɗinka daga sama zuwa ƙasa yana aiki nan take. Zango uku yake yi. Da fari ya karanta settings.gradle.kts ya san ayyukan da ke akwai. Na biyu, zangon shiri: ya karanta build.gradle.kts, ya tattara saituna, ya tsara wane aiki ne zai rigayi wane. Na uku, zangon aiwatarwa, a nan ne ayyukan suke gudana da gaske. Layinka na `buildConfigField` a zangon shiri ake karanta shi, kuma a lokacin ya kwafi abin da ya tarar a cikin `adireshi` ya riƙe. Shi kuwa `doFirst` sai a zango na uku yake motsi. Ka sauya abin da ke cikin `adireshi`, gaskiya ne, amma wanda ke buƙatarsa ya riga ya kwafa ya wuce.

Akwai ma makara ta biyu a kan ta farko. `assembleRelease` ba shi ne ke haɗa komai ba, shi mai jiran gado ne kawai. Sai `generateReleaseBuildConfig` ya rubuta BuildConfig, fayil ɗin da manhajar ke karanta adireshin daga ciki, an tattara kod, an ƙulle APK, sannan a zo kansa. Wato `doFirst` ɗinka yana gudana ne bayan an gama ƙulle APK ɗin. Kamar wakilinku na Kano ne ya rubuta takardar kaya ya miƙa wa direba, mota ta kama hanya har ta wuce Ibadan, sannan ya buɗe littafinsa ya gyara adadi. Littafinsa ya gyaru, takardar da ke aljihun direba kuwa tana nan yadda take.

Dabarar `taskNames` kuma, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Abin da ka buga a layin umarni kaɗai take gani. Ka buga `gradlew build`, babu kalmar Release a ciki, amma zai haɗa sigar kasuwa, kuma da adireshin gwaji. Ka taƙaita sunan aikin, abin da Gradle ya yarda a yi, nan ma ta kuskure. Wata rana za ta maimaita maka Juma'ar nan.

Ga abin da zan ce, ko da ba shi ka zo nema ba. Adireshin saba ba ya buƙatar wata dabarar sauyawa. Ba sirri ba ne, kuma ka san duka biyun tun kafin ka fara haɗawa. Rubuta kowanne a gidansa:

```
buildTypes {
    debug {
        applicationIdSuffix = ".gwaji"
        buildConfigField("String", "ADIRESHI", "\"https://gwaji.example.com\"")
    }
    release {
        buildConfigField("String", "ADIRESHI", "\"https://kaya.example.com\"")
    }
}
```

Shi ke nan. Babu abin da ke sauyawa, Gradle ne ke ɗaukar wanda ya dace da sigar da ka nema. Kula da alamomin zancen nan na ciki masu sanda a gabansu, domin abin da ka ba shi haka zai zuba shi cikin fayil na Java, in babu su kod ɗin ba zai haɗu ba. In kana kan AGP 8.0 ko sama, wato abin da ke haɗa Gradle da Android, sai ka kunna `buildConfig = true` a cikin `buildFeatures`, don daga wannan sigar a kashe yake zuwa.

Layin `applicationIdSuffix` ɗin nan kada ka raina shi. Da shi, waya za ta ɗauki ta gwaji a matsayin wata manhaja daban. Ko ka yi kuskuren tura ta zaure, ba za ta hau kan ta gaske ba, gefe za ta zauna. Ka ba ta suna daban da jan tambari, yadda ko wanda bai iya boko ba zai ce wannan ba tamu ba ce.

Maganar Abbatuwa kuwa aikin `productFlavors` ne. Ka buɗe ɗaya na gwari ɗaya na shanu, kowanne da `applicationId` nasa. Gradle zai auri biyun nan da debug da release ya ba ka siga huɗu, ka kira wadda kake so da sunanta, misali `assembleShanuRelease`.

Inda ake buƙatar ƙima ta shigo daga waje shi ne abin da ba ka sani ba sai lokacin haɗawa, ko abin da bai kamata ya zauna a fayil ba. A nan ne za ka yi amfani da `providers.gradleProperty` da `providers.environmentVariable`. Ka kuma san wa ke rinjayar wa in suna ɗaya ya fito a wurare da yawa: abin da ka bayar da `-P` a layin umarni shi ne sama, wanda aka ajiye a muhallin na'ura da sunan da ya fara da `ORG_GRADLE_PROJECT_` yana ƙasa da shi, sai gradle.properties na cikin foldar `.gradle` ta gidanka a kwamfuta, sannan na cikin aikin. Na taɓa ɓata yini guda ina gyara na cikin aiki abin yana ƙin sauyawa, ashe wata tsohuwar ƙima ce kwance a na gida tana danne shi.

Abu ɗaya nake roƙonka. In ƙimar da sigar kasuwa ke buƙata ba ta samu ba, kada ka sa wata ta maye gurbinta a ɓoye. Bar haɗin ya faɗi, ya yi ƙara. Gara ya tsaya a ɗakinka da ya tsaya a bakin mota.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Sannu ƙanena. Injiniya ya gama da tambayar farko, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba.

Kalmar sirrin da ke GitHub. Ka cire ta daga fayil yau, amma ka sani cirewa ba ta goge ta daga tarihi ba. Git, mai riƙe tarihin kod ɗin, ba ya mantuwa, duk wanda ka taɓa ba izinin shiga ma'ajiyar, ko wanda za ka ba gobe, zai iya komawa baya ya karanta. Don haka ka sauya kalmar da `keytool`. In kuwa shi kansa fayil ɗin mabuɗin ma ka taɓa tura shi can, sauya kalma bai wadatar ba, tsohon fayil da tsohuwar kalma suna tare a tarihi. Ka duba wannan da kyau. Kuma kada ka yi gaggawar ƙirƙiro sabon mabuɗi, domin Android ba ya yarda manhajar da aka sa wa hannu da wani mabuɗi ta hau kan wadda aka sa wa da wani, sai kowa ya goge tsohuwa tukuna. Ka ajiye kwafin mabuɗin a wuri biyu da ba kwamfutarka ba. Kwamfutar da ke shiga danfo da BRT kullum ba ma'aji ba ce.

Sabuwar kalmar ta zauna a gradle.properties na gidanka, wanda ba ya cikin Git. Wasu na sa ta a local.properties, ba laifi, amma `gradleProperty` ba ya karanta wannan fayil, sai ka buɗe shi da kanka.

Sai Paystack. Za su ba ka mabuɗi iri biyu, wanda ya fara da `pk_` na fili, da wanda ya fara da `sk_` na sirri, kuma kowanne da na gwaji da na gaske. Na filin ne kaɗai ke shiga manhaja, kuma shi ma ka raba shi kamar adireshi, `pk_test_` a debug, `pk_live_` a release. Na sirrin a saba yake zama, ko da wasa kada ya kusanci wayar kowa. Ina jaddada wannan ne don na ga matasa da yawa suna zaton in sun ɗauko mabuɗi daga muhallin na'ura suka zuba a BuildConfig to sun ɓoye shi. Daga Git kaɗai suka ɓoye shi. Yana nan a rubuce cikin APK, duk wanda ya buɗe shi da jadx, kayan aikin warware APK, zai gani cikin minti kaɗan. R8, mai matse kod lokacin haɗawa, na dagula sunayen aji da na ayyuka, amma ba ya taɓa rubutun da ke cikin alamar zance. Kai kuma APK ɗinka a WhatsApp yake yawo, ba ka san hannu nawa ya shiga ba.

Bari in ɗan yi tsokaci, tunda ni ba a Gradle na fara ba. Na fi shekara goma ina aikin Java na ɓangaren saba a wani kamfani a tsibiri, kullum ina tsallaka gadar Third Mainland, kuma Ant muka gada, wani tsohon kayan haɗa manhaja irin Gradle. A Ant, in aka ba suna ƙima sau ɗaya to ta zauna ke nan, duk wanda ya zo daga baya ya sake ba shi wata, shiru za a yi a ƙyale shi. Sabbin ma'aikata kan yi ta fushi da wannan, su je su ɗauko `var` na ant-contrib don su karya dokar. Ni ma na yi fushin a farko. Daga baya na fahimci hikimar: tunda na farko ne ke ci, abin da ka bayar da `-D` a layin umarni shi ke rinjaye, sannan ka jera fayilolinka daga na musamman zuwa na gama-gari. In kana son zaɓi bisa sharaɗi akwai `condition`. Da muka koma Maven sai na tarar da ɗan'uwan wannan hali, ƙimomin da ke cikin pom.xml ana warware su tun ana karanta fayil ɗin, shi ya sa ake zaɓe da `profile` tun daga farko, kuma tun Maven 3.5.0 ake iya ba da lambar siga daga waje ta `revision`. Kayan aikin uku ne, amma dukansu ba sa son a sauya musu magana a tsakiyar tafiya.

Inda na ɗan saba da Injiniya shi ne maganar siga huɗu. A ɓangaren saba mun daina haɗa wa kowane muhalli nasa. Sau ɗaya muke haɗawa, abin da aka gwada shi ne ainihin abin da zai hau, saiti kuma a ba shi lokacin tashi. Na san waya daban ce. Amma ka yi tunani, in gobe masu doya ko masu hatsi suka zo, haka za ka yi ta ƙara siga? Manhaja ɗaya da mutum zai shiga da lambar ƙungiyarsa, saba ta san ina za ta kai shi, za ta fi maka sauƙin riƙo. Ba yau ba, amma ka sa a ranka.

Bakatsine a Yaba ya amsa:

Mutumina, ni `versionCode` kawai zan taɓa, don ya taɓa cizona.

Da yawa za su ce ka ƙirga kwamit, wato kowane gyara da ka ajiye a Git, da `git rev-list --count HEAD`. Yana aiki a kwamfutarka. Ranar da ka koma GitHub Actions, inda GitHub ke haɗa maka manhajar a na'urarsa, sai ya ba ka 1, saboda `actions/checkout` kwamit ɗaya tak yake saukowa da shi in ba ka sa `fetch-depth: 0` ba. Kuma ƙirgen na iya ja da baya in ka haɗa daga wani reshe ko ka dunƙule kwamit. Waya ba ta karɓar lambar da ta gaza wadda ke kanta, yaran kasuwa za su ga an ce ba a ɗora ba, ba tare da wani bayani ba.

Ni `GITHUB_RUN_NUMBER` nake ɗauka in ƙara masa 1000 don ya haura duk tsoffin lambobina. Daga 1 yake farawa ga kowane sabon tsarin aiki, ka kiyaye. Kada kuma ka haɗa shekara da wata da rana da awa da minti a lamba ɗaya, Google Play ba ya karɓar abin da ya wuce 2100000000.

In dai Git ɗin za ka kira, yi da `providers.exec`, yana nan tun Gradle 7.5. Tsohuwar hanyar kiran umarni kai tsaye a zangon shiri ba ta jituwa da rumbun shiri, wato configuration cache mai adana sakamakon zangon shiri, wanda ya tabbata a 8.1. Kuma don Allah kada ka sa agogon yanzu a BuildConfig don ka san yaushe aka haɗa. Kowane haɗi fayil ɗin zai sauya, Gradle ya sake aikin da ya riga ya yi. Mai haɗawa da ragowar batir ba shi da wannan lokacin.

Ɗan Zangon Agege ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na kwana biyu ban dawo ba don so nake in gwada komai kafin in yi magana.

Yaya Injiniya, misalin takardar direban nan shi ya buɗe mini ido. Na sake haɗawa ina kallon jerin ayyukan da ke wucewa, na ga da idona `generateReleaseBuildConfig` ya wuce tun da wuri, `println` ɗina kuwa sai can ƙarshe ya fito. Na goge `var` ɗin da `afterEvaluate` gaba ɗaya. Yanzu kowane adireshi na gidansa. Ta gwaji kuma jan tambari gare ta, sunanta GWAJI da manyan baƙaƙe, na kuma sa jan layi a saman kowane shafi. Jiya na je kasuwa na nuna wa kawu duka biyun a wayata, ya kira yaransa ya ce duk wanda ya ga ja kada ya rubuta komai a ciki.

Sai dai na yi tuntuɓe biyu, zan faɗa ko wani zai amfana.

Na farko, na bi shawararka ta barin haɗi ya faɗi. Na sa `.get()` a kan kalmar sirrin a cikin `signingConfigs`. Sai wani yaro da nake koya wa aiki ya sauke kod ɗin a kwamfutarsa, sigar gwaji kawai yake son haɗawa, amma abin ya faɗi yana neman kalmar sirrin da ba ruwansa da ita. Na yi ta mamaki, sai na tuna darasin: zangon shiri duk fayil ɗin yake karantawa, har da ɓangaren release, ko da debug ka nema. Abin da na yi shi ne na koma `.orNull` a wurin, sannan na rubuta wani ɗan aiki mai suna `tabbatarDaSaiti` da ke duba ko ƙimomin sun cika, in ba su cika ba ya tsayar da komai da saƙo cikin Hausa, na kuma sa ayyukan release kaɗai su dogara da shi. Yanzu yaron na haɗa ta gwaji lafiya, ta kasuwa kuma ba ta fita sai da mabuɗi. In akwai hanyar da ta fi wannan tsafta, ina saurare.

Na biyu, hanyar fayil ɗin mabuɗi. Windows nake amfani da shi, na kwafo hanyar kamar yadda take da sandunanta masu komawa baya na zuba a gradle.properties. Gradle ya ce bai ga fayil ba, da na duba saƙon sai na ga duk sandunan sun ɓace, sunayen foldoji sun manne da juna. Na juya su zuwa masu kallon gaba ya wuce. Na kuma gano in ka sa alamar zance a wannan fayil, ita ma cikin ƙimar take shiga.

Anti, na duba tarihin kamar yadda kika ce, gabana na faɗuwa. Alhamdu lillahi fayil ɗin mabuɗin bai taɓa shiga ba, kalmar ce kawai. Na sauya ta, na ajiye kwafi a filasha a gidan kawu. Maganar `sk_` kuwa, gaskiya da ba ki faɗa ba a BuildConfig na yi niyyar sa shi, ina ganin na yi dabara. Na sauke jadx na buɗe APK ɗina don in gani, sai ga adireshin sabata a fili kamar an rubuta a allo. Shawarar manhaja ɗaya na rubuta ta, amma mutanen Abbatuwa sun dage suna son ganin sunansu da hoton bijimi a kan wayarsu, don haka da siga biyun zan fara.

Mutumin Yaba, ban koma GitHub Actions ba tukuna, don haka ƙirgen Git na ɗauka da `providers.exec`, na ƙara masa 500, kuma daga babban reshe kaɗai zan riƙa fitarwa. Sai da na sa `trim` kafin ya yarda ya zama lamba.

Yanzu ga sabuwa. Na ajiye sunayen sigogin a wani fayil nawa, kasuwanni.properties, ina karantawa da `Properties().load` ina miƙawa ga `resValue`. Sunan ta gwari Ɗan Gwari ne. A waya sai harafin farko ya fito wasu baƙaƙe biyu da ban san su ba. Haka ƙ da ɓ suke yi in na gwada. A cikin Android Studio kuwa lafiya lau suke.

Injiniya na Ikeja ya amsa:

Madalla ƙanena, aikinka na tabbatarwa ya yi, bar shi haka.

Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, laifin `load` ne in ka ba shi `inputStream`. Da tsarin ISO-8859-1 yake karantawa, wanda babu Ɗ ko ƙ ko ɓ a cikinsa, fayil ɗinka kuma UTF-8 ne, inda kowane ɗayansu ke cin gurbi biyu. Shi ya sa kake ganin baƙaƙe biyu a wurin ɗaya. Ka ba shi `reader(Charsets.UTF_8)` a maimakon haka, ko ka rubuta Ɗ da lambarsa, `\u018A`.

Amma ni da zan bi, sunan manhaja ba zai bi ta Gradle ba sam. Buɗe `src/gwari/res/values/strings.xml` da `src/shanu/res/values/strings.xml`, ka rubuta `app_name` a kowanne da haruffanka yadda kake so. In ka yi haka ka cire layin `resValue` ɗin, in ba haka ba zai ce maka suna ɗaya ya fito sau biyu. Ka kuma gwada a ƙaramar waya irin ta yaran kasuwa kafin ka tura, ka ga yadda Ɗ ɗin ke fita a ƙarƙashin tambari.